Waɗanda aka ƙona wa coci suka ce sun yafe

Yau ina son mu taɓa wata magana da ba mu cika yi ba, ko a radiyo ko a fada wajen shan shayi.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan yana tune da Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da Asabar 17 ga wata a Yamai. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta fito da zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), ran jama'a ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu. Sai dai fushin bai je Paris ba, kan maƙwabta ya sauka. Mutum 10 suka rasu a garuruwan biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka cinna wa wuta. A Damagaram ɗaruruwan Kirista barikin soja suka gudu, alhali ba su da hannu a zanen. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba.

Labarin wutar kowa ya ba da shi. Abin da ya biyo baya shi ne muka bari ya wuce shiru. Shugabannin Kirista, Katolika da sauran majami'u, sun yi kira da a yafe. Ba mu ji an ɗauki fansa ba. Likitar Galmi, wadda mishan suka buɗe tun 1950, ba ta fara tambayar mara lafiya addininsa ba. Haka Danja kusa da Maraɗi, inda ake jinyar kuturta da mata masu yoyon fitsari. Mafi yawan masu kwanciya can mu ne Musulmi.

A kartiyenmu akwai wata tsohuwa Kirista, ungozoma ce da ta yi ritaya. Ran da abin ya faru an fasa mata gida an kwashe kaya, kuma ta ga fuskar ɗaya daga cikin yaran, ɗan layinmu ne. Bayan wasu watanni naƙuda ta kama matar yaron cikin dare, ba mota, ba kuɗi. Ƙofar wa aka buga? Tata. Ta ɗauki ƴar jakarta ta tafi, ta zauna da yarinyar har aka samu abin hawa, ta raka su materniti. Da na ce mata, "Mama, ba ki gane shi ba ne?" sai ta ce, "Ɗana, na gane shi sarai. To jaririn mi ya yi mini?"

Na san abin da wasu za su ce: ai tsoro ne, su ƴan kaɗan ne, ba su da yadda za su yi. Gaskiya ne ba su da yawa. Amma tsoro yana sa mutum ya yi shiru ya kulle ƙofa. Ba ya tada tsohuwa ƙarfe biyu na dare ta je taimakon wanda ya wawashe ta. Wannan daga koyarwarsu yake, cewa a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai cutar da kai addu'a. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Annabi Yusuf, wanda duk muke girmamawa, ƴan uwansa suka jefa shi rijiya, da ya samu iko a Masar abinci ya ba su.

Kar a fahimce ni baibai. Yafiya ba ta sauke wa hukuma nauyinta ba. Wanda ya ƙona gidan mutum ko wurin ibada, shari'a ta yi aikinta. In an yafe maka, bashi ne aka ɗora maka na ka gyara hali, ba lasisin sake yi ba.

Kuma akwai wasu da muka manta: Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin ɗakunansu a ranakun nan. Ba wanda ya ba su lambar yabo.

Laifinmu ke nan, har mu ƴan jarida. Mai ihu muke miƙa wa mikro. Mai zagi shi ake yaɗawa a WhatsApp. Mai haƙuri kuwa mu ce sakarai ne. To yaro mai tasowa wa zai kwaikwaya? In yaranmu ba su ji muna yabon irin halin tsohuwar nan ba, ranar da wani fushi ya sake tashi, ashana za su nema.

Kowa ya duba layinsu. Akwai mai irin wannan hali kusa da kai, Kirista ko Musulmi. Ka je ka gaishe shi tun yana da rai, ka faɗa wa ɗiyanka abin da ya yi.

Allah Ya zaunar da Nijar lafiya, Ya ba mu zuciyar yafiya. Amin.