Baƙin Gilashin Mota: Tsakanin Sirrin Mutum da Haƙƙin Hanya



Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu tattauna a kan wata baƙar leda da ake mannawa a gilashin mota, wadda da yawanmu muke ɗauka ado ce kawai, alhali kuwa akwai rai da dukiya da haƙƙin bayin Allah a tattare da ita. Duk wanda yake bin titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin motocin da nake nufi: za su wuce ka ba ka ga direba ba, ba ka ga wanda ya ɗauko ba, sai dai ka ga hoton kanka a jikin gilashi. Ra'ayina a kan wannan lamari kashi biyu ne. Na farko, bai kamata mai mota ya duhunta gilashin gaba da na ƙofofin gaba ba, ko da kuwa yana riƙe da takardar izini. Na biyu, yadda hukuma take tafiyar da dokar abin yana buƙatar gyara.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. A shekarar 1991, lokacin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, aka kafa doka mai lamba 6 wadda ta haramta sa wa mota gilashin da zai hana a ga mutane ko kayan da ke cikinta. Dokar ta bar ƙofa biyu kacal, wato dalilin lafiya da dalilin tsaro, ta kuma danƙa ikon bayar da izini a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar Naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da izinin. A 2025 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dawo da shi ta hanyar intanet, tare da biyan kuɗi, abin da ya sa ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu tana ƙalubalantar tsarin. An yi ta muhawara a kan kuɗi da takarda, amma kaɗan ne suka tsaya a kan tambayar da ta fi muhimmanci, wato me direban yake iya gani.

Masana suna auna duhun gilashi ne da yawan hasken da yake bari ya ratsa shi, kashi nawa cikin ɗari. Gilashin da muke kira fari, wanda ya zo daga kamfani, shi ma ba ya barin haske duka ya wuce. Mu ƙaddara yana barin kashi 80. Idan aka manna masa ledar da ke barin kashi 35, to abin da zai isa idon direba kashi 28 ne kawai, domin ledar tana tace abin da gilashin ya riga ya rage ne. Idan kuwa ledar nan ce baƙa ƙirin mai kashi 5, wadda samari suka fi sha'awa, to kashi 4 ne ya saura. Da tsakar rana ba za a ji bambancin sosai ba, saboda hasken ya yi yawa. Matsalar tana bayyana ne da almuru, da dare, da lokacin hazo, da sa'ad da ruwan sama yake zuba, a kan titunan da yawancinsu ba su da fitila.

Ka tuna cewa ta gilashin ƙofa direba yake duba madubin gefe, ta nan yake leƙa mahaɗar hanya kafin ya shiga, ta nan yake hango mai babur da ya kunno kai ba fitila, da ɗan garuwa da kurarsa, da yaron da ya taso daga Islamiyya bayan magariba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan duhun gilashi ya jinkirta ganin direba da daƙiƙa ɗaya tak, ya riga ya shafe tsawon motoci uku ko huɗu kafin ƙafarsa ta nufi burki. Sannan ido yana rauni da shekaru: dattijo ɗan shekara 60 yana buƙatar haske fiye da saurayi ɗan 20 kafin ya ga abu ɗaya da dare.

Akwai kuma wani gani da ba a cika ambata ba, wato ganin da mutanen waje suke yi wa direba. Mai tsallaka titi yakan dubi fuskar direba ya gane ko ya gan shi. A shataletale, da ido da ɗaga hannu ake fahimtar juna, wannan ya dakata, wancan ya wuce. Baƙin gilashi yana yanke wannan magana gaba ɗaya, sai tsohuwa ta tsaya a bakin titi tana ta wasiwasi, ba ta san ko an lura da ita ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Waɗannan su ne mutanen da baƙar leda take fara ɓoyewa.

Ban jahilci hujjojin masu sa ledar ba, kuma ba duka ne na banza ba. Hujja ta farko zafi ce. Wanda ya taɓa barin mota a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san sitiyari kan zama kamar garwashi. Akwai kuma zabiya da masu wasu cututtukan fata waɗanda rana take cutarwa haƙiƙatan. Sai dai duhu daban, kariya daban. Abin da yake ƙona fata wani nau'in haske ne da ido ba ya gani, kuma wani babban kaso na zafin ma yana zuwa ne ta hasken da ba a gani. Yanzu akwai leda garai-garai da take tare kusan dukkan hasken da ke cutar da fata, ta kuma rage zafi, ba tare da ta duhunta gilashi ba. Ta fi tsada, gaskiya ne, amma ba ta kai kuɗin asibiti ba, balle diyya.

Hujja ta biyu sutura ce. Magidanci zai ce ba ya son idon jama'a a kan iyalinsa. Wannan kishi ne abin yabo, ba na raina shi. Amma iyali a kujerar baya suke zama galibi, gilashin da nake magana a kansa kuwa na gaba ne, wanda tuƙi ya dogara da shi. Kuma malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Suturar mace tana jikinta, ba ta rasa ta don gilashi ya yi fari. Ran da aka take kuwa ba ya dawowa.

Hujja ta uku tsaro ne, kuma ita ce mai kaifi biyu. Duhun da yake ɓoye attajiri daga idon ɓarawo shi ne yake ɓoye wanda aka sace daga idon mai ceto. Mazauna Abuja sun san labarin motocin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota tana tafiya. A Indiya, irin wannan damuwa ce ta sa Kotun Ƙoli a 2012 ta haramta manna kowace irin baƙar leda a gilashin mota.

Ga mu Musulmi, zancen bai tsaya a kan tsoron ɗan sanda ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin an kafa su ne don maslahar jama'a, kuma wanda ya jawo haɗari ta hanyar sakaci yana ɗauke da alhakinsa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, kaffarar da a zamaninmu take komawa azumin wata biyu a jere. To, yaya mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa ya ce ban gan shi ba, alhali da kuɗinsa ya je aka rage masa gani? Takardar izini tana iya raba ka da ɗan sanda a shingen bincike, amma ba ta ƙara wa idonka haske, ba ta kuma sauke maka haƙƙin wanda ka buge.

Sai kashi na biyu, wanda ya shafi hukuma. Babban raunin dokar 1991 shi ne ba ta faɗi adadi ba. Ta hana duhun da yake ɓoye na ciki, amma ba ta ce kashi kaza ne iyaka ba, sai aka bar hukunci ga idon jami'in da ya tsayar da kai. Duk inda doka ta zama haka, ƙofar na goro ta buɗe: mai hali ya wuce da gilashi baƙi ƙirin, talaka kuma a tsare shi a kan motar da ya sayo ta hannu, wadda tun daga kamfani ta zo da gilashin baya mai ɗan duhu. A Birtaniya abin a fayyace yake. Ga motocin da aka fara hawa daga Afrilun 1985, gilashin gaba dole ya bar aƙalla kashi 75 na haske, na ƙofofin gaba kashi 70, na baya kuwa ba a ƙayyade shi ba, kuma da na'ura ake aunawa. Ba na cewa mu kwafo nasu baki ɗaya, domin halin tsaronmu ba irin nasu ba ne, ƙila mu buƙaci iyaka ga gilashin baya ma. Abin da nake kira gare shi shi ne Majalisar Tarayya ta sa lamba a cikin doka, a bai wa 'yan sanda da jami'an hukumar kiyaye haɗurra na'urar awo, a bar izini na musamman ga marar lafiya mai shaidar likita, a kuma ɗora alhaki a kan masu manna ledar su ma. Izinin da kowa zai iya samu in ya biya ya tashi daga matakin tsaro, ya koma haraji.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da yake hannunmu. Mai mota ya gwada da kansa: bayan isha'i ya zauna a mazaunin direba a wani layi marar fitila, ya dubi madubin gefe gilashi a rufe, sannan ya sauke shi ya sake dubawa. Idan ya ga bambancin da ya ba shi tsoro, to ya samu amsarsa, sai ya je a ɓare ledar gaba. Iyaye su lura da motocin da suke bai wa 'ya'yansu. Masu sana'ar manna leda su ji tsoron Allah, su gaya wa mai mota gaskiya ko da cinikin zai kuɓuce musu. Limamai kuma su riƙa sako haƙƙin hanya a cikin huɗuba, domin da yawa ba su san yana cikin addini ba.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin rai, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya. Wallahu a'alam.