Aikin Mako Uku da Kamfanonin Tuntuɓa

Duk wanda ya kammala jami'a a Zamfara ya san irin tallan nan da ke yawo a wayoyi: wani kamfanin tuntuɓa daga Abuja na neman masu digiri ko babbar difloma, 'yan asalin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, domin aikin mako biyu ko uku, tare da alƙawarin cewa wanda ya yi fice za a iya ɗaukarsa aiki na dindindin. Ba na ganin laifin matashin da ya yi wuf ya miƙa takardunsa. Wanda ya gama hidimar ƙasa ya shekara biyu a gida ba ya raina aikin mako uku.

Na taɓa shiga irin wannan shiri. Kwana biyar aka yi ana horar da mu a Gusau: yadda ake cike tambayoyi a manhajar KoboCollect, yadda ake neman yardar mai gida kafin a fara, yadda ake ɗaukar alamar wurin da gida yake a taswira. Daga nan aka raba mu bibbiyu, namiji da mace, tunda baƙon namiji ba ya shiga cikin gida. An biya mu haƙƙinmu, ko da yake ya yi jinkiri. Abin da na daɗe ina tunani a kai shi ne dalilin da ya sa aka neme mu. Ma'aikacin Abuja ba zai hau babur daga Anka zuwa Bagega a wannan zamani ba. Mu muka san hanyar da ake bi da safe a guje ta da yamma, muka san wanda ake fara gaisarwa a gari. Tambayoyin ma da Hausar Kano aka fassara su. Mu muke juya su zuwa bakin mutanenmu, inda 'ya'ya suke ɗiya, fari yake hwari. Kowane dare bayanan na tafiya ta intanet, shi ke nan mun rabu da su. Ba mu ga yadda aka tace su ba, balle rahoton. Aikin dindindin kuwa, ban ji wanda aka kira a cikinmu ba.

Wannan yanki ya taɓa ganin wani salo dabam. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma, wadda ke fitowa daga duwatsun zinariya da ake daka da niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani kaɗai ba ya isa, domin yaron da aka warkar zai koma rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, tare da cibiyar Blacksmith, suka zo aikin tsabtace ƙasar. Su ma 'yan tuntuɓa ne, amma sun yi aikin kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan Ma'aikatar Muhalli ta jiha da matasan ƙauyukan. Sun koya wa ma'aikatan riƙe na'urar XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke ciki nan take, da yadda ake kankare saman ƙasa a binne a rami, a kawo mai tsabta a shimfiɗa. Aka fara da Dareta da 'Yargalma, aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Da aka zo Bagega a 2013, bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya, 'yan jihar ne suka ɗauki nauyin aikin, baƙin na tsaye a matsayin masu ba da shawara. Da wannan ma'auni nake auna shirye-shiryen yau, kuma galibinsu ba sa cika shi.

Maganar ta taso ne saboda a Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a Zamfara tun 2019. Kamfanonin auna illa ga muhalli za su ƙaru, kuma mu za su nema.

Ga ƙannena da za su shiga: ku nemi yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi ranar biya da kuma wanda zai ɗauki nauyi idan wani abu ya same ku a hanya. Ku nemi takardar shaidar aiki mai sa hannu kafin ku miƙa wayar kamfani. Ku roƙi a zaunar da ku ko da kwana biyu ne wurin tace bayanai, domin nan sana'ar take.

Sai dai matashi mai neman abin sawa a baka ba shi da bakin gindaya sharaɗi. Masu wannan baki su ne waɗanda kamfani ke zuwa neman izininsu kafin ya shiga ƙauye: shugabannin ƙananan hukumomin uku, da fadar Sarkin Zamfaran Anka, da ta Sarkin Mafaran Gummi, da ta Sarkin Dankon Bukkuyum. Suna iya cewa a bar kwafen rahoto a sakatariya, kuma a sa yaranmu biyu cikin masu rubuta shi, kafin su sa hannu a takardar izini.