Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.  Bayan haka, ina nufin in kawo muku labarin wani bincike da aka yi a ƙasar Amurka, domin akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda ke zaune ƙarƙashin wata hukuma.

Ku sani a Amurka akwai ma'aikatun leƙen asiri, manyansu uku. FBI su ne 'yan sandan ciki, CIA aikinsu ƙasashen waje, NSA kuwa masu sauraron wayoyi ne. An kafa su domin tsaron ƙasa, aka sakar musu kuɗi da iko, aka bar su shekara da shekaru babu mai yi musu hisabi na gaske. Cikin Disamba 1974, wata huɗu bayan shugaba Nikson ya sauka daga mulki saboda abin kunyar Watergate, jaridar New York Times ta fallasa cewa CIA tana leƙen 'yan ƙasa a cikin gida, alhali doka ba ta ba ta wannan ba. Sai majalisar dattawa ta naɗa mutum 11 daga cikinta a Janairu 1975, daga jam'iyyun nan biyu, ta shugabantar da Sanata Frank Church a kansu. Suka ji ta bakin mutum wajen 800, suka fitar da rahotonsu na ƙarshe cikin Afrilu 1976.

Ga kaɗan daga abin da suka tono. CIA ta buɗe wasiƙun mutane fiye da 200,000 a ɓoye, ta ɗauki hotonsu, ta liƙe ta mayar. NSA ta yi kimanin shekara 30 tana karɓar kwafin saƙonnin tangaraho daga kamfanonin waya, masu saƙo ba su sani ba. FBI kuwa, daga 1956 zuwa 1971, ta riƙa cusa 'yan rahoto cikin ƙungiyoyi, tana aika takardun ƙarya marasa suna domin ta haɗa aboki da aboki, ta raba miji da mata. Martin Luther King, mai neman haƙƙin baƙar fata ba da makami ba, an sa na'urar saurare a wayarsa da ɗakunan da yake sauka, sa'an nan cikin 1964 aka aika masa takarda marar suna ta zagi da tsoratarwa, wadda shi da mutanensa suka fahimta cewa ana tura shi ne ya kashe kansa. A waje kuma an ƙulla makircin kashe Kastro na Kyuba sau da dama, an kuma aika guba zuwa Kwango cikin 1960 domin Patrice Lumumba, ko da yake ba a yi aiki da ita ba, wasu ne suka kashe shi cikin Janairu 1961.

To, jama'a, ku dubi kan wa wannan ido ya faɗa. An buɗe shi da sunan tsoron Rasha da 'yan gurguzu, ya ƙare a kan mai wa'azi da ɗalibi da ɗan jarida, waɗanda laifinsu kawai sun faɗi abin da masu mulki ba su so ji ba. Haka al'adar ikon ɓoye take. Wanda ya san asirin kowa, ba kuwa wanda ya san nasa, sannu a hankali sai ya ɗauki mai sukarsa a matsayin maƙiyin ƙasa. Edgar Hoover ya riƙe FBI shekara 48, daga 1924 har ya mutu cikin 1972, shugabanni suna zuwa suna wucewa, suna shakkar taɓa shi.

Malamai sun san Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wato bin diddigin aibin mutane. Sun kuma san labarin da aka kawo na Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, da ya haura katanga da dare ya iske mutum cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya yi leƙe, ya shiga ba ta ƙofa ba, ya shiga ba da izini ba, Umaru kuwa ya karɓi gyara ya fita. Wannan halifa ne mai tsoron Allah. Ina ga ma'aikacin da ba a san sunansa ba? Domin irinsa ake bukatar majalisa mai ikon kiransa, ta rantsar da shi, ta duba takardunsa, ta riƙe kuɗinsa in ya ƙi.

Wani attajiri zai ce, Malam, ba ciniki sai da zaman lafiya, in an ɗaure hannun masu tsaro ɓarayi da 'yan ta'adda za su sake. Gaskiya ne ƙasa ba ta zama ba masu tsaro, wani aikin nasu kuma dole a ɓoye shi. Amma kai da kanka, in ka ɗauki mai gadi, makullin zaure kake ba shi, ba ka ba shi na ɗakin iyalinka. Yaron shagonka kuma, kome amincinsa, kana zama da shi ku yi lissafi, amintacce kuwa ba ya jin haushin lissafi. Su ma dattawan nan yawancin zamansu a asirce suka yi shi, suka ji abin da ba a faɗa a kasuwa. Masu leƙen asiri sun yi ta kukan an tona su, amma dama wanzami ba ya son jarfa.

Binciken ya haifi gyara. Cikin 1976 shugaba Ford ya haramta kisan gilla na siyasa, majalisar dattawa ta kafa kwamiti na dindindin mai lura da waɗannan ma'aikatu, aka kuma ƙayyade wa shugaban FBI shekara 10. Cikin 1978 aka yi dokar da ta kafa kotu ta musamman, wadda ake neman izininta kafin a saurari wayar mutum a cikin ƙasa da sunan leƙen asirin waje.

Sai dai gyara ba ya tsare kansa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 tsoro ya kama mutane, majalisa ta saki linzami. Cikin 2005 aka ji cewa ana sauraron wayoyi ba da izinin kotun nan ba. Cikin Maris 2013 babban jami'in leƙen asiri ya musanta a gaban dattawa cewa ana tara bayanan miliyoyin 'yan ƙasa, bayan wata uku Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna ana tara lissafin kiran wayarsu. Sai a 2015 aka yi dokar da ta tsai da tarawar ta wannan hanya.

Saboda haka abin da na gani shi ne, bincike na shekara ɗaya bayan ɓarna ta auku bai isa ba. Wajibi ne majalisa ta riƙa tambaya kullum, musamman lokacin tsoro, zama a lokacin ne ake karɓe haƙƙin mutane suna godiya. Wanda ya yi mata ƙarya a hukunta shi, wakilin da ya ji ya yi shiru kuwa masu zaɓe su tambaye shi dalili.

Allah shi ba shugabanni adalci, shi ba wakilai ƙarfin zuciya, shi rufa asirinmu duniya da lahira, amin. Haza wassalam.