Kiɗa Ɗaya, Mawaƙa Ɗari



Duk mai sauraron Patoranking ko Burna Boy, ko Shatta Wale na Ghana, ya riga ya ɗanɗani dancehall ko da bai san sunansa ba. Kiɗan ya taso ne daga reggae a Kingston, babban birnin Jamaika, a ƙarshen shekarun 1970. Sunan yana nufin zauren rawa, amma sau da yawa fili ne kawai: a jera manyan lasifikoki, a sa faifai, unguwa ta taru har asuba.

A bayan faifan akan sa kiɗan zalla, babu murya. Sai wani ya ɗauki makirufo ya hau kansa da kirari da ba'a da habaici ga abokan hamayya. U-Roy ya yi suna da wannan tun wajen 1970. Sugar Minott kuma ya kwaso tsofaffin kaɗe-kaɗen kamfanin Studio One ya ɗora musu sababbin waƙoƙi. Haka al'adar ta zauna: kiɗa ɗaya, wanda suke kira riddim, mawaƙa da yawa, kowa ya gwada basirarsa. A ganina nan daɗin abin yake. Tunda kiɗan na kowa ne, babu wurin ɓuya. Idan ba ka da abin faɗi, 'yan kallo za su gane nan take.

Yellowman yana da abin faɗi. Zabiya ne, ya tashi a gidan marayu, ya sha tsangwama saboda fatarsa. Sai ya mayar da abin da ake masa gori da shi suna, ya riƙa yi wa kansa kirari har ya zama sarkin fagen bayan rasuwar Bob Marley a 1981. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, waƙoƙinsa da dama cike suke da batsa, wasu na bayansa kuma suka ƙara da yabon bindiga. Masu cewa dancehall ya sauka daga wa'azin adalcin da aka san reggae da shi suna da hujja. Idan kuna neman inda za ku fara, ku nemi "Bam Bam" ta Sister Nancy, ta 1982, mace da ta kutsa fagen da maza suka mamaye. Kanye West da Jay-Z duk sun ari muryarta daga baya.

Babban sauyin ya zo a 1985, da "Under Mi Sleng Teng" ta Wayne Smith, wadda King Jammy ya shirya. Ba a tara makaɗa ba. Kiɗan yana cikin wani ƙaramin kibod mai araha, Casio MT-40, wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan mai suna Hiroko Okuda ce ta tsara shi. An rera ɗaruruwan waƙoƙi a kansa. Daga nan yaron da ba shi da kuɗin ɗaukar makaɗa ya samu hanyar shiga, su kuma makaɗan sutudiyo da yawa aiki ya ja musu baya.

A 1990 Shabba Ranks ya fitar da "Dem Bow". Bugun gangarta ne ya ƙetara Panama da Puerto Rico ya zama ƙashin bayan reggaeton, shi kuke ji a ƙarƙashin "Despacito".

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.