Filin Lafiya: Gyaran fata daga tukunya yake farawa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ana tallar man shafawa mai niyasinamid har nan Difa. Sunan ne mai wuya, amma bitamin B3 ne. Yana rage maiƙon fuska, ƙofofin gashi su daina fitowa fili, fata ta yi sumul. Sai an yi wata 2 ko 3 ana shafawa.

Bitamin ɗin nan yana cikin kifin Komadugu, da gyaɗa, da nama. Wanda ya dogara ga masara kaɗai yana iya rasa shi. Wuya da bayan hannu su yi baƙi, su yi kaushi, ga zawo. A nan man shafawa ba ya magani. A tafi likita da wuri, don cutar tana kisa.

Sai wata mai zuwa.