Mai Rubuta Littafi Ya Koyi Aikin Akawu

Cikin yawon duba makarantu da muke yi, babu abin da ke faranta mana rai kamar mu tarad da malami ko akawu wanda in ya tashi daga aiki ya kan zauna ya rubuta littafin hira da Hausa. Irin waɗannan mutane suna da yawa yanzu, maza da mata, kuma yaranmu na bukatar abin da suke rubutawa, don yaron da ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba da jimawa ba karatun zai zube. Amma akwai kuka iri biyu da muka gaji da ji daga bakinsu. Wani ya ce littafinsa ya ɓata, wani kuwa ya ce labarin ya cukurkuɗe masa har ya rasa inda zai kama.

Mun san wani malami wanda ya shekara biyu yana rubuta labari mai kashi uku a wayarsa ta hannu. Ran nan aka zare wayar daga aljihunsa a tashar mota, ba shi da kwafi ko ɗaya a wani wuri, har yau bai sake ɗaukar alƙalami ba. Wata malama kuma ta kawo mana nata mu duba, muka tarar dattijon da aka yi wa jana'iza a littafi na ɗaya shi ne ke ɗaura aure a na biyu. Dukansu biyu suna da basira. Abin da suka rasa shi ne tsari da ajiya, watau ilmin da ko wane akawu na kirki ke aiki da shi kullum a ofis.

Akawunan En'e na dā sun san wannan sarai. Ko wace takarda tana da fayil, ko wane fayil yana da lamba cikin rajista, kuma ba a buga wasiƙa a tafireta sai an sa kabon, ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna. To, yau akwai manhajojin kwamfuta da aka yi musamman don masu rubuta dogon labari, kuma in an duba aikinsu da kyau za a ga aikin akawun nan ne suke yi wa marubuci. Wadda ta fi suna ita ce Scrivener. Wani malamin makaranta na Ingila mai suna Keith Blount ne ya ƙirƙiro ta, sabo da shi ma labarin da yake son rubutawa ya gagare shi tsarawa. Ta fito cikin 2007 don kwamfutar Mac, sa'an nan a 2011 aka fitar da ta Windows. Ita saye ake yi. Akwai kuma yWriter, wadda wani marubuci na Ostareliya, Simon Haynes, ya yi, da wata mai suna Manuskript. Waɗannan biyu ana samunsu a kwamfuta kyauta.

Aikinsu na farko shi ne rarraba labari. Maimakon marubuci ya zuba littafinsa duka cikin doguwar takarda guda mai shafi ɗari uku, sai ya raba shi babi babi, ko wane babi kuma ya raba shi fitowa fitowa, kamar yadda ake yi a wasan kwaikwayo. Ko wace fitowa takarda ce mai zaman kanta. A Scrivener akwai wani allo inda ake ganin ko wace fitowa kamar ɗan kati, a kansa marubuci ya rubuta layi biyu ko uku: wa ke ciki, a ina, me ya faru. In ya ga zuwan baƙo ya kamata ya riga rasuwar sarki, sai ya ja katin ya mai da shi gaba, rubutun duka ya bi shi. Malamin da ya saba shirya darasi mako mako ba zai sha wuyar gane wannan ba. In ka shimfiɗa katuna arba'in a gabanka, nan da nan za ka ga inda labari ya yi kwance, ka ga mutumin da ka manta da shi tun babi na huɗu. In an gama, manhajar ta kan ɗinke guntayen nan su koma littafi guda wanda za a kai maɗaba'a.

Aiki na biyu ya shafi littafi mai kashi da yawa, kuma wannan ya fi shafarmu, don al'adar rubutunmu ke nan. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, littafi uku ne, kuma aku ɗaya ne ya ratsa su, tun yana tsuntsun da aka sayo har ya zama waziri, har ya zauna yana koya wa ɗansa. Marubutan Kano na bayan 1980 su ma yawanci na ɗaya da na biyu da na uku suke fitarwa. Mai irin wannan aiki lalle ya buɗe rajistar mutanensa: sunan ko wane, shekarunsa, garinsu, wa ya haife shi, wa ya aura, a wane babi ya mutu. Manhajojin nan suna da wurin ajiye wannan rajista a gefen rubutu, tare da bayanin garuruwa da jerin shekaru. Shawararmu ita ce, in littattafan gajeru ne, a tara su cikin aiki guda, ko wane da jakarsa, rajista ɗaya ta ishe su duka. Amfanin haka, in ka nemi sunan mutum sai a nuna maka duk inda ya fito tun daga littafi na ɗaya. In kuwa manya ne ƙwarai, a raba su, amma rajistar ta zama guda ɗaya tak, don rajista biyu ba su daɗewa ba su saɓa wa juna ba.

Aiki na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ajiya. A nan muna so mu ba da labari biyu na gaskiya. Cikin watan Disamba na 1922, matar Ernest Hemingway, marubucin nan na Amurka, ta tattara rubuce-rubucensa cikin akwati za ta kai masa Suwizalan. Aka sace akwatin a tashar jirgin ƙasa ta birnin Faris. Da ya ji, sai ya yi tsammani ai kwafin kabon yana gida. Ashe ta haɗa har da kabon cikin akwatin guda, kusan duk aikinsa na ƙuruciya ya tafi. Na biyu kuwa namu ne na gida. A 1957 Chinua Achebe, yana aiki a gidan rediyo a Ikko, ya aika da rubutun hannu na Things Fall Apart zuwa wani kamfanin masu buga tafireta a Landan, kuma shi kaɗai ke gare shi. Watanni suka wuce shiru. Sai da wata Baturiya shugabarsa ta tafi hutu Ingila, ta je ta tsare su, kana suka buga suka aiko. Littafin ya fito a 1958. Da takardun nan sun salwanta, da Nijeriya ta yi hasarar da ba ta ma san ta yi ba.

Darasin Achebe shi ne kada ka saki kwafin da ba shi da na biyu. Darasin Hemingway ya fi zurfi, watau kwafi biyu a wuri ɗaya daidai suke da kwafi ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Scrivener ta kan yi kwafin ajiya da kanta in ka rufe aiki, kuma tana da hanyar ɗaukar hoton fitowa kafin ka gyara ta, don in gyaran bai yi ba ka koma wa na farko. Wannan abu ne mai kyau, amma in ba ka sāke mata wuri ba, cikin kwamfutar nan taka take ajiyewa. Ɓarawo ko gobara ko wutar lantarki mai ƙarfi ba su tambaya wanne ne asali wanne ne kwafi.

Sabo da haka masana ajiya suka kafa ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Misali, ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a filashi cikin aljihun tebur na ofis, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko cikin wasiƙar imel da ka aika wa kanka. Sai dai a lura, ma'ajiya irin su Dropbox da Google Drive, in an sa su daidaita fayil tsakanin na'urori, abin da ka yi a nan shi suke maimaitawa can. In ka goge babi bisa kuskure, can ma zai gogu, maido shi kuwa yana da iyakar kwanaki. Don haka kwafin da za ka dogara da shi sai ya zama rufaffe, mai kwanan wata a sunansa, wanda ba ka taɓa shi. Kuma ko wane ƙarshen wata ka buɗe guda ka ga ko yana buɗuwa, kamar yadda mai binciken kuɗi ke ƙidaya abin da ke cikin asusu da hannunsa. Ka duba har da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don wani lokaci su kan koma alamun banza in an sauya fayil daga wata manhaja zuwa wata. A ƙarshen ko wane zango ka fitar da littafin duka a fayil na yau da kullum wanda ko wace kwamfuta za ta karanta, in da hali ma ka buga shi a takarda.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa ba su ga kwamfuta ba, ga shi har gobe ana karanta su. Gaskiya ne, kuma manhaja ba ta ba mutum basira, ba ta san karin magana ba, ba ta san inda mai karatu zai yi dariya ba. Mun ma ga waɗanda suka shagala da jera katuna da rina su launi launi har shekara ta ƙare ba su rubuta babi guda ba. Wasu kuma za su ce ba su da kwamfuta, umarnin manhajojin kuma da Turanci yake. Wannan ma gaskiya ne. Amma tsarin shi ne abin nema, kuma ana iya yinsa a waya: ko wace fitowa fayil ɗinta dabam da lamba a gaba, rajistar mutane cikin littafin rubutu na 'yan makaranta, kwafi kuma a aika wa amintaccen ɗan'uwa ko wace Jumma'a.

Roƙonmu ga shugabannin kwalejojin horon malamai shi ne, duk inda akwai ɗakin kwamfuta a sa ɗaya daga manhajojin nan na kyauta, a keɓe darasi biyu ko uku a koya wa ɗalibai raba labari da buɗe rajista da ajiyar kwafi. Akawuna kuwa, ku da kuka riga kuka san aikin fayil, ku taimaki malaman garinku masu rubutu, ku nuna musu. Wanda ke da labari a waya ko a kwamfuta yau, kada ya kwanta daren nan sai ya yi masa kwafi ya ajiye a wani wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace, amin.