Bob Mercer da 'yan ƙwallon da yaƙi ya cinye



Duk Asabar da yamma, gidajen kallon ƙwallo a Mabera da Gawon Nama cika suke yi maƙil, ana gardamar Arsenal da Chelsea har murya ta dishe. Da wuya ka ji wani ya ambaci Heart of Midlothian, ƙungiyar birnin Edinbura ta ƙasar Sikotland da ake kira Hearts. Amma labarinta ya shafe mu.

A kakar wasa ta 1914, Hearts ta buɗe gasar da lallasa Celtic da ci biyu da nema, ta kuma ci wasanninta takwas na farko a jere. Kowa ya sa rai kofi nata ne. Sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi. A watan Nuwamba, 'yan wasanta fiye da goma suka shiga soja, yawancinsu a bataliyar da Sir George McCrae ya haɗa. Atisayen soja da safe, wasa ranar Asabar, har ƙafafu suka gaza. Celtic ta ɗauke kofin da tazarar maki huɗu. Ranar 1 ga Yuli, 1916, aka fara gumurzun Somme a Faransa, kuma a wannan rana kaɗai Harry Wattie da Duncan Currie da Ernest Ellis suka kwanta dama. Kafin a gama yaƙin, 'yan wasan ƙungiyar bakwai sun rasu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Bob Mercer, ɗan bayan da ya buga wa ƙasarsa wasa sau biyu. Shi ya dawo gida da ƙafafunsa, amma ya shaƙi iskar guba a fagen daga, zuciyarsa ta raunana. Ya sake sa takalmin ƙwallo, sai dai jikin ba na da ba ne, dole ya bar babbar gasa. A watan Afrilu na 1926 ya fito wasan sada zumunta a garin Selkirk. Ana cikin wasa ya yanke jiki ya faɗi a kan ciyawa, bai sake tashi ba. Shekarunsa 36. Yaƙin da aka gama tun 1918 shi ya biyo shi har fili.

Mutanen Edinbura ba su manta ba. A 1922 suka kafa hasumiyar agogo a Haymarket, kuma har gobe duk Nuwamba 'yan wasa da magoya baya na taruwa a gindinta.

Mu fa? A Yaƙin Duniya na Biyu, kakanninmu sun je Bama a runduna ta 81 da ta 82, wasu ba su dawo ba, wasu sun dawo da ciwon da ya bi su har kabari. Yau ma akwai samarin da suka bar filin unguwa suka sa kaki, suna fama da 'yan bindiga a dazukan Isa da Sabon Birni. Wa ke riƙe da sunayensu? Wa ke duba waɗanda suka dawo da rauni?

Muna kira ga hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyoyin unguwanni da su tattara sunayen 'yan wasanmu da suka tafi soja, a karanta su a filin wasa na Giginya kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a yi musu addu'a, a kuma leƙa gidajen iyalansu da abin hannu.